Lisbeth Salander ta littafi na bakwai ba ita ce wadda muka sani ba

Maman Iman:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya na rufe The Girl in the Eagle's Talons, littafi na bakwai a jerin Millennium, wanda Karin Smirnoff ta rubuta. Wata biyu na yi ina jiran wanda zai taho min da shi, kuɗinsa kuwa ba kaɗan ba ne, amma da ya zo hannuna sai da na yi sati uku ina jan sa kamar mai shan maɗaci. Ni ce fa na karanta na farkon cikin kwana huɗu ina raba dare.

Abin da ya fi ci min rai shi ne Lisbeth. A littattafai ukun da Stieg Larsson ya rubuta da hannunsa, duk abin da yarinyar nan take yi yana da tushe. Shirunta yana da dalili, ƙin yarda da hukuma da take yi yana da dalili. Tana shekara 12 ta watsa wa ubanta fetur ta kyasta ashana, saboda dukan da yake yi wa uwarta har ya nakasa ta, kuma babu wanda ya saurare ta duk ƙarar da ta kai. Maimakon a kama uban, ita aka kulle a asibitin masu taɓin hankali na yara, don uban tsohon ɗan leƙen asirin Tarayyar Sobiyet ne da ya gudo Suwidin, wasu jami'an tsaro suna ɓoye shi. Wanda ya san wannan tarihin, in ya ga ta yi wa mutum shiru, ya san abin da ke ƙarƙashin shirun.

A na bakwai kuwa an ɗauke ta an kai ta arewacin Suwidin, wani gari da marubuciyar ta ƙirƙira mai suna Gasskas, don ta riƙe Svala, 'yar shekara 13, 'yar ɗan'uwanta Niedermann, wadda uwarta ta ɓace. Tunanin yana da kyau, ban musa ba. Amma mutane sun yi wa littafin yawa, kowane babi gajere ne, kana fara sabawa da wannan sai a cilla ka cikin kan wancan. Lisbeth ta zama kamar baƙuwa a gidan ubanta. Na yi ta jiran inda za ta zauna gaban kwamfuta ta tono asirin wani azzalumi daki-daki yadda ta yi wa attajirin nan Wennerström a littafin farko, har na kai shafin ƙarshe ban ƙoshi ba.

Don Allah wanda ya karanta ya faɗa min, ni ce na yi masa mugun karatu, ko haka kowa ya ji?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ba ke kaɗai ba ce. Ni a tsakiya na ajiye shi, har yau yana nan da takardar da na saka alama.

Malam Sabo:
Maman Iman, kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi, sai dai ni nawa ciwon a kan Mikael Blomkvist yake, ɗan jaridar da ke cikin labarin. Na yi shekaru ina aikin jarida kafin na ajiye, kuma abin da ya sa na kamu da littafin farko shi ne yadda Larsson ya san aikin ciki da bai. Dubi yadda aka warware ɓatan Harriet Vanger, yarinyar da ta ɓace tun 1966. Ba da bindiga aka warware shi ba. Blomkvist ya zauna ne yana duba tsofaffin hotunan wani biki da aka yi a gari ranar da ta ɓace, ɗaya bayan ɗaya, har ya lura fuskarta ta canza a wani hoto, alamar ta hango wanda take tsoro. Daga nan ya shiga neman wasu mata da miji da suka ɗauki hoto a bayanta, shekara kusan arba'in bayan abin ya faru. Lambobin da ke cikin littafin ajiyarta kuma, da kowa ya ɗauka lambobin waya ne, 'yarsa Pernilla ce ta gane ayoyin Baibul ne. Wannan shi ne bincike. Gumi ne da haƙuri da zaman ɗakin ajiyar takardu.

Larsson ya iya wannan ne don shi ma aikinsa ke nan. Yana cikin waɗanda suka kafa mujallar Expo a 1995 don bin diddigin ƙungiyoyin masu wariyar launin fata a Suwidin, kuma sun sha yi masa barazanar kisa.

To a na bakwai me aka bar wa Blomkvist? Mujallarsa Millennium ta daina fita a takarda, an mayar da ita shirin murya a intanet, shi kuma ya hau jirgin ƙasa ya tafi arewa bikin 'yarsa. Tsoho ne mai gunaguni da ba ya gane zamani. Na yarda mutum yana tsufa, ni ma na tsufa. Amma tsufa ba ya cire wa ɗan jarida hancinsa. Surukinsa na cikin badaƙalar filaye dumu-dumu, abu a gaban idonsa, amma ba ka ganin wannan yunwar tono gaskiya da muka san shi da ita.

Zainabu Abu:
Baba Sabo, Anti Maman Iman, ku yi min haƙuri, ni dai ina ganin ba a yi wa matar nan adalci ba. Na karanta na ɗaya har zuwa na bakwai, kuma wallahi na bakwai ya fi min ukun David Lagercrantz, wato na huɗu zuwa na shida, nesa ba kusa ba.

Ku tuna sunan littafin farko da harshensu. Män som hatar kvinnor, wato mazan da suka tsani mata. Masu buga shi da Turanci ne suka canza shi suka mayar da hankali kan zanen da ke bayan Lisbeth. Kowane sashe na littafin Larsson yana buɗe shi ne da alƙaluman cin zarafin mata a Suwidin. Wannan fushin shi ne ƙashin bayan labarin. Lagercrantz ya zo ya kai mu hukumar leƙen asirin Amurka, ya kai mu dutsen Everest, ya mayar da Lisbeth kamar jarumar fim da ba ta jin duka, ita da tagwainiyarta Camilla suna farautar juna. Smirnoff ce ta dawo da labarin kan mata da yaran da ake zalunta a ƙauye ba mai jin kukansu.

Sannan arewar da ta kai mu ba don ado ba ne. Can ne asalinta, a Umeå aka haife ta, kuma Larsson ma ɗan wannan yankin ne, a wajen kakanninsa ya tashi a ƙauye. Rikicin da ta ɗora labarin a kai kuma yana nan a zahiri. Kabilar Sami makiyaya ne, wata irin barewa suke kiwo da ke rayuwa cikin ƙanƙara, kuma kamfanonin wutar lantarki ta iska da na haƙar ma'adinai suna cinye musu wuraren kiwo da burtali. A kusa da Piteå akwai Markbygden, ɗaya daga cikin manyan filayen injinan iska a Turai. A Norwe har kotun ƙoli ta yanke hukunci a 2021 cewa injinan da aka kafa a Fosen sun tauye haƙƙin makiyayan Sami. Uwar Svala 'yar Sami ce. Da Larsson yana raye, ina da yaƙinin irin wannan maganar zai so ya taɓa.

Maman Iman:
Zainabu ƙanwata, ban ƙi maganarki ba, kuma na ƙaru da batun Sami ɗin, don ban san abin ya kai kotu ba. Amma manufa mai kyau daban, labari mai riƙe mutum daban. Ɗauki mugun littafin, Branco. An tara masa duk wani nau'in mugunta da ƙazanta har ya daina kama da mutum. Kwatanta shi da Bjurman na littafin farko. Lauya ne mai mutunci a idon jama'a, hukuma ce da kanta ta naɗa shi waliyyin Lisbeth, ta damƙa masa asusunta, sai ya sa hannu kafin ta taɓa kuɗin guminta. Abin tsoron shi ne kowa ya san irin Bjurman. Mai riƙon maraya da ke cin amana, ga takardar hukuma a hannunsa. Shi ya sa abin da ya yi mata ya hana ni barci. Branco kuwa dodo ne na tatsuniya, ban ji tsoronsa ba ko sau ɗaya.

Habu Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni da Faransanci na karanta su, kamfanin Actes Sud ne ya buga. Mu a namu ba a jefar da sunan asali gaba ɗaya ba, an sa masa Les hommes qui n'aimaient pas les femmes, mazan da ba sa son mata. An ɗan sassauta shi amma ma'anar na nan. Don haka abin da Zainabu ta faɗa gaskiya ne, mu tun daga bango mun san inda aka dosa.

Amma ina tare da Hajiya a kan salo. Larsson mutum ne mai yawan bayani, har ya wuce kima. Zai lissafa maka kayan ɗakin da Lisbeth ta saya a IKEA ɗaya bayan ɗaya, ya faɗa maka irin kwamfutarta da girman ma'ajiyarta, kofi nawa aka sha, burodi da me aka ci. A lokacin ina jin haushin haka. Sai da na karanta na bakwai na gane wannan jan labarin shi ne yake sa ka zauna cikin duniyar har ka yarda da ita. Smirnoff jimlolinta gajeru ne, tana tsalle, tana barin abubuwa a buɗe. Salonta ne, da shi ta yi suna a littattafanta na kanta. Sai dai riga ce da aka ɗinka wa wani aka sa wa wani.

Ummi Katsina:
Don Allah ku riƙa yin gargaɗi kafin ku faɗi abin da ya faru, wasunmu ba mu karanta ba. Ni fim ɗin 2011 kawai na kalla, wanda Daniel Craig ya fito. Wai me ya sa marubuta har uku? Shi na farkon ya gaji ne?

Malam Sabo:
Yi haƙuri 'yata, za mu kiyaye. Bai gaji ba, rasuwa ya yi. A watan Nuwamba na 2004, yana da shekara 50, ya hau matakalar bene zuwa ofishinsa saboda na'urar hawa ta lalace, zuciyarsa ta buga. Ya riga ya miƙa littattafan uku ga kamfanin Norstedts, amma ko na farkon bai gani a kasuwa ba, don sai 2005 ya fito, na biyu 2006, na uku 2007. Bai san za su zagaye duniya ba. Yanzu jerin ya haura kwafi miliyan 100.

Bayan shekaru sai magadansa da kamfanin suka ɗauko Lagercrantz, wanda ya rubuta tarihin ɗan ƙwallo Zlatan Ibrahimović. Ya yi uku, 2015 da 2017 da 2019, ya ce ya isa. Daga nan haƙƙin bugawa ya koma wani kamfanin, Polaris, su kuma suka ɗauko Smirnoff a kan za ta rubuta uku. Na bakwai ya fito da harshensu a 2022, fassarar Turanci a 2023.

Ɗan Fagge:
Ni abin da ban gane ba shi ne surutun da ake yi a kan matar da Larsson ya zauna da ita. Ba aure tsakaninsu, to ina maganar gado? Ko a wajenmu haka hukuncin yake. Uba da ɗan'uwa suka ci, shi ke nan.

Barista Turai:
Ɗan Fagge, ta fuskar doka ba ka yi kuskure ba, a Suwidin ma haka ne. Waɗanda suke zaune tare ba aure ba sa gadon juna sai in an bar wasiyya. Larsson bai haihu ba, don haka mahaifinsa Erland da ƙanensa Joakim suka gaje shi. Akwai wata wasiyya da ya rubuta tun 1977 yana saurayi, inda ya bar abin da ya mallaka ga reshen wata ƙungiyar 'yan gurguzu a Umeå, amma ba ta da shaidu, saboda haka ba ta yi aiki ba.

Sai dai abin da ita matar, Eva Gabrielsson, ta tsaya a kai ba kuɗi ba ne zalla. Shekara 32 suna tare, kuma ta bayyana cewa sun guji yin rajistar aure ne don kada adireshinsa ya fito a takardun hukuma masu neman ransa su same shi. A 2009 dangin sun yi mata tayin kurona miliyan 20, kuɗin Suwidin, ta ƙi karɓa. Abin da ta nema shi ne a ba ta ikon kula da rubutun, ita ce za ta ce a yi kaza da shi ko kada a yi. Ta fito fili ta soki ci gaba da jerin da aka ba Lagercrantz. Kuma akwai wani rubutun na huɗu da Larsson ya fara bai gama ba, wanda ba a yi amfani da shi ba a littattafan da suka biyo baya.

Na kawo wannan ne don ya shafi tambayar Maman Iman kai tsaye. Doka tana iya raba dukiya, ta ce wane ne mai haƙƙin sunan Lisbeth Salander. Amma wanda ya gaji haƙƙin bai zama lallai ya san abin da marigayin yake nufin yi da ita ba. Duk wanda aka ɗauko daga baya hasashe yake yi.

Habu Maraɗi:
Barista, littafin da Gabrielsson ta rubuta a kan zamansu da Faransanci ya fara fitowa a 2011, Millénium, Stieg et moi. Wanda ya karanta shi zai ga wurare da mutane da yawa na cikin labarin daga rayuwarsu aka ɗebo su.

Zainabu Abu:
To ai ko Larsson ɗin ma aro ya yi. Shi da kansa ya ce ya yi tunanin yadda Pippi, yarinyar nan ta littattafan yara na Astrid Lindgren, za ta kasance in ta girma, daga nan Lisbeth ta fito. Sunan Blomkvist ma daga wani yaro mai bincike na Lindgren ya samo shi. In shi ya ɗauki na wata ya sāke shi yadda yake so, me zai hana Smirnoff ta sāke nasa?

Kuma Anti, ki dubi Svala da kyau. Ta gaji rashin jin zafin ciwo daga ubanta, ga kaifin ƙwaƙwalwa irin na Lisbeth, ga manya suna amfani da ita wajen buɗe akwatunan kuɗi. Lisbeth tana kallon kanta ne tana ƙarama, sai dai wannan karon ita ce babbar da ya kamata ta tsaya wa yarinya, abin da ba wanda ya yi mata sai Holger Palmgren, waliyyinta na farko. Ba ta iya ba, tana ta tuntuɓe. Ni wannan ya taɓa ni ƙwarai.

Malam Sabo:
Zainabu, akwai bambanci. Larsson bai rubuta sunan Pippi a bangon littafinsa ya sayar ba. Ya ɗauki iri ya shuka a gonarsa. Su kuwa waɗannan da sunan Lisbeth ake jawo mu mu saya. In ka kira ni da sunan tuwo, kada ka ajiye min fate, ko da faten ya yi daɗi.

Mu ma nan mun san wannan ciwon. Sau nawa littafin Hausa yake ƙarewa sarai a na biyu, amma saboda ya karɓu a kasuwa sai a ja shi zuwa na uku da na huɗu, a tayar da wanda ya mutu, a ƙirƙiro kishiyar da ba a taɓa ambata ba? Yanzu da ake sayar da labari a waya shafi-shafi abin ya ma fi yawa.

Maman Iman:
Baba Sabo ya faɗi abin da na kasa faɗa. Bari in ƙara da wannan, Ummi ki tsallake in ba kya son ki ji.

A ganina labarin Lisbeth ya ƙare ne a ɗakin shari'a na littafi na uku. Tun daga shafin farko abin da ake bin ta bashi shi ne a saurare ta. Sai ga shi a gaban alƙali, lauyarta Annika Giannini ta tsayar da likitan nan Teleborian tana yi masa tambaya ɗaya bayan ɗaya, har aka tabbatar kwana 381 ya sa aka ɗaure ta a gado tana yarinya. Aka nuna faifan abin da Bjurman ya yi mata, wanda likitan ya ce ƙirƙira ce ta mai taɓin hankali. Kotu ta cire mata hukuncin cewa ba ta iya riƙe kanta ba. Na yi kuka a wurin nan, ba na jin kunyar faɗa. A ƙarshen littafin kuma ta buɗe wa Blomkvist ƙofa ta bar shi ya shigo. Matar da ba ta yarda da kowa ba ta buɗe ƙofa. Me ya rage?

Duk abin da ya biyo baya nema ake a sake buɗe ciwon da ya warke don a samu abin rubutawa. Lagercrantz ya tono Camilla, ya kashe Palmgren a na biyar, abin da har yau ban yafe ba. Smirnoff ta tono 'yar Niedermann. Gobe kuma wani ɗan'uwan za a nemo, tunda an ce Zalachenko, uban Lisbeth, ya bar 'ya'ya a wurare da yawa.

Ɗan Fagge:
To Hajiya in haka ne me ya sa kika sayi na bakwai, bayan na huɗu zuwa na shida ba su gamsar da ke ba? Ba da gatse nake tambaya ba, don ni ma na saya.

Maman Iman:
Saboda ina kewarta, Ɗan Fagge. Gaskiyar ke nan. Da na ji mace ce za ta rubuta, kuma 'yar arewacin ƙasar, sai na sa rai za ta ji Lisbeth a jikinta fiye da Lagercrantz. Shi ya sa abin ya fi min ciwo a wannan karon. Wancan ban sa masa rai ba tun farko.

Barista Turai:
Ni ina tsakiya. Na ji daɗin Svala kamar Zainabu, kuma na ji haushin ƙarshen kamar Maman Iman, don an bar zare da yawa a sake saboda littafi na gaba. Na Larsson na biyu ma a buɗe ya ƙare, Lisbeth da harsashi a ka, amma a can ka san amsar tambayar da aka fara da ita, ka san wane ne Zala, mutumin da ake ta nema a labarin. A nan na rufe littafin ina jin an ba ni rabin kaya an ce in dawo in biya kuɗin sauran. Da Smirnoff ta rubuta labarin Svala shi kaɗai, ba Lisbeth ba Blomkvist, ina jin da na ba shi maki mai yawa.

Zainabu Abu:
Barista, da ta yi haka da babu ɗayanmu a zauren nan da zai san da shi, balle a fassara shi har ya iso hannunmu. Sunan Lisbeth ne ya sa yau muke maganar makiyayan Sami.

Ummi Katsina:
Na dai tsallake inda aka ce in tsallake. Yanzu da wanne zan fara, kuma a ina zan tsaya?

Malam Sabo:
Fara da na farko, 'yata, ki yi haƙuri da shafukan farkon, maganar kamfanoni da shari'ar ɓata suna ce, tana da nauyi, amma da Blomkvist ya isa tsibirin Hedeby ba za ki iya ajiyewa ba. Ki sani kuma akwai wuraren cin zarafi masu tsanani a ciki, ba littafin da za a bari a hannun yara ba ne. Na biyu da na uku labari ɗaya ne aka raba, ki tanade su tare. Ina da ukun, in kina da mai zuwa Kano ki yi min magana ta gefe a karɓar miki.

Zainabu Abu:
In kin gama ukun ki zo wajena ki karɓi na bakwai, ki yanke hukunci da kanki. Anti Maman Iman, ke kuma roƙona ɗaya, ki sake karanta babobin Svala kaɗai, daga inda aka tilasta mata shiga gidan nan ta buɗe akwatin kuɗi, ki manta da sunan da ke bango.

Maman Iman:
Na ji Zainabu, zan yi, amma sai na fara komawa ɗakin shari'ar nan tukuna, na riga na sauko da na ukun daga kanta tun da safe. Ki ba ni zuwa Juma'a, zan dawo in faɗa miki yadda na ga Svala a karo na biyu.